Aikin juri a kotun Ingila, ga yadda na same shi

Jama'a mazauna Ingila da Wales, musamman wanda ya san sunansa na cikin rijistar zaɓe, wannan bayanin naku ne. Tunda na gama aikin juri mutane ke ta tambayata wai yaya abun yake, ana biya ne, ana iya zillewa ne, to bari in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta ya huta. Ra'ayina dai tun farko shi ne, tsarin kansa, wato a ɗebo mutum 12 daga cikin gari waɗanda ba su san juna ba a ce su saurari shari'a su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba, abu ne mai kyau ƙwarai, na fito ina ganin girmansa fiye da yadda na shiga. Amma yadda ake kula da su mutum 12 ɗin, aljihunsu da lokacinsu da halin da suke fita a ciki, nan kam gaskiya akwai gyara ba kaɗan ba. Ba zan faɗi sunan kotun ba kuma ba zan faɗi abin da zai sa a gane shari'ar ba.

Abun yana farawa ne da sammaci ta gidan waya. Ba wani ne ya zaɓe ka ba, kwamfuta ce ke ɗaukar sunaye daga rijistar zaɓe haka kawai, indai shekarunka sun kai 18 kuma ba su wuce 75 ba, kuma ka zauna a ƙasar aƙalla shekara 5 tun bayan da ka cika 13. Mutanenmu da yawa suna ɗauka sai mai fasfon Birtaniya ake kira, ba haka bane, ɗan ƙasashe renon Ingila da ke da izinin zama yana iya yin rijistar zaɓe, kuma da zarar ka shiga rijistar to kana cikin waɗanda za a iya kira. Kwana 7 aka ba ka ka ba da amsa, ta intanet ko ka cike fom ɗin ka mayar, in ka share ko ka ƙi zuwa ba dalili tarar na iya kaiwa fam 1,000. Don Allah kar wanda ya ce maka ka jefa takardar a shara ba abin da zai faru, wannan shawarar banza ce.

Ta wannan ɓangaren dai ban da ƙorafi. Fom ɗin intanet ɗin ba shi da wahala, an rubuta komai a fili, kuma in ranar ta ci karo da tiyata ko jarrabawa ko tafiyar da ka riga ka biya, ana ɗaga maka sau ɗaya, ka ba su wasu ranaku cikin wata 12 masu zuwa. Wanda ke kan beli ba ya yi, wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 5 ko fiye ba ya yi har abada, wanda ya yi aikin cikin shekara 2 da suka wuce yana da damar cewa a ɗaga masa ƙafa. Wani abin da ya burge ni shi ne tun bayan dokar 2003 lauyoyi da 'yan sanda har da alƙalai ma ana kiransu, ba wai talaka kaɗai ake ɗora wa nauyin ba.

To sai ranar farko. A ƙofa bincike ne sosai, a buɗe jaka, a wuce da kai ta na'ura, in ka zo da ruwa a gora sai an sa ka kurɓa a gabansu. Daga nan sai ɗakin jira na masu juri, aka nuna mana bidiyon bayani, ma'aikaciyar da ke kula da mu ta yi mana bayanin fom ɗin kuɗi da dokoki, sannan aka shiga abin da babu wanda ya shirya ni a kansa wato jira. Jira kam na yi shi. Zaka zo da safe a kan lokaci ka zauna, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, a ce ku je ku ci abinci ku dawo ƙarfe biyu, ku dawo ku zauna, can wajen uku a ce ku tafi gida sai gobe, kuma babu mai ce maka ga dalili. Daga baya na fahimci dalilan suna da yawa kuma wasunsu ma masu kyau ne, wani wanda ake tuhuma sai ya ga juri sun iso sannan zai amsa laifinsa shikenan shari'a ta faɗi, wani lokacin shaida ne bai zo ba, wani lokacin motar gidan yari ce ta makara, wani lokacin lauyoyi ne ke gardamar doka wadda bai kamata mu ji ba. Duk na yarda. Amma kalma biyu ta bayani ai ba ta da tsada. Mutum ya bar aikinsa, wata ta bar jaririnta wurin maƙwabciya, aƙalla a fito a ce musu yau da wuya a kira ku, ko a sallame su da wuri. Ma'aikatan da na gani mutanen kirki ne wallahi, masu fara'a da haƙuri, amma su ma kana ganinsu ka san an musu yawa da aiki, kuma sau da yawa su kansu ba su san abin da ke gudana a sama ba.

Ginin shi ma ya gaji. Kujerun ɗakin jira ba na zaman yini bane, injin shayi yau yana aiki gobe ba ya yi, wani ɗakin zafi wani sanyi. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki da aka ware na ibada kuma da na tambaya nan take aka nuna min, wannan na yaba.

Da aka zo kira sai aka karanto sunaye kusan sha biyar aka hau da mu ɗakin shari'a. Nan fa jikina ya yi sanyi, don gani ya kori ji. Alƙali na sama da hular gashin nan tasu, lauyoyi a ƙasa, shi kuma wanda ake tuhuma yana can baya cikin wani keji na gilashi da mai gadi a gefensa, yaro ne matashi sanye da rigar da kana gani ka san don ranar aka saya. Akawun kotu ta riƙe katuna masu sunayenmu ta cakuɗa su a hannu tana zaro ɗaya-ɗaya, wanda aka kira ya amsa ya wuce ya zauna a benci har aka cika 12, sauran aka mayar da su ƙasa. Kafin nan an karanto sunayen shaidu da wurin da abin ya faru aka ce duk wanda ya san wani a ciki ya faɗa. Sai rantsuwa, kowa shi kaɗai a tsaye. Tun a ƙasa an tambayi kowa da me zai rantse, mai Baibul da Baibul, wanda ba ya son rantsuwa da littafi ya yi alƙawari kawai kuma nauyinsu ɗaya a doka. Ni da Alƙur'ani na yi, an kawo shi a naɗe cikin mayafinsa ba a taɓa shi da hannu haka ba, kuma an tambaye ni ko ina son in yi alwala tukunna. Na rantse da Allah zan saurari shari'ar tsakani da Allah in yanke bisa shaidar da aka kawo. Yaron yana kallon fuskar kowa lokacin da yake rantsuwa, ɗaya bayan ɗaya, bai ɗauke ido ba. Tun daga lokacin na daina jin haushin jiran da na yi.

Shari'ar ta faɗa ce da aka ji wa wani rauni. Abin da aka yi a fili cikin kotu ina da damar faɗa yanzu tunda an gama, amma ba shi ne muhimmi ba. Abin da nake so ku sani shi ne yadda aikin ke cin ƙwaƙwalwa. Ana ba ka takarda da biro da fayil na hotuna da taswira, kuma ko ɗaya ba ya fita daga ginin. An nuna mana bidiyon kyamarar tsaro wanda bai kai minti ɗaya ba, aka maimaita shi a hankali, aka tsayar, aka koma baya, lauya mai gabatar da ƙara ya ce ku dubi hannunsa na dama, lauyan da ke kare shi ya tashi ya ce ku dubi wanda ya fara matsowa, kuma wallahi bidiyo ɗaya ne amma sai ka ga abu biyu. Wata shaida ta yi magana ta bayan labule don kar su haɗa ido da wanda ake tuhuma, muryarta na rawa, alƙali ya tsaya ya yi mana bayani cewa labulen ba ya nufin yaron mai laifi ne, tsari ne kawai don ta samu natsuwa. Irin wannan kulawar ta alƙalin ita ce ta fi komai burge ni. Duk lokacin da wani abu zai iya karkatar da mu sai ya tsaya ya warware shi da harshe mai sauƙi, bai taɓa sa mu ji kaman mu jahilai bane. In kana da tambaya ka rubuta a takarda ka miƙa wa ma'aikaciyar ta kai masa, ya karanta a gaban kowa ya amsa.

Dokar da suka fi nanatawa ita ce ta waya. Kar ka binciki sunan wanda ake tuhuma a Google, kar ka je wurin da abin ya faru, kar ka duba ma'anar wata kalmar doka da kanka, kar ka tattauna da matarka ko mijinki. Ba wasa suke ba. A 2011 an ɗaure wata mai juri wata 8 saboda ta yi hira a Facebook da wadda aka tuhuma a shari'ar, a 2012 aka ɗaure wata matar daban na tsawon wata 6 saboda ta yi bincike a intanet ta faɗa wa sauran, kuma tun 2015 abun ya zama laifi na kansa mai ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 2. Da farko abun na iya yi maka kaman takura, amma ka sa kanka a wurin yaron nan. Abin da ke intanet ba a rantse a kansa ba, lauyansa bai samu damar yi masa tambayoyi ba, ƙila ma wani ne mai irin sunansa. Ni dai na ga hikimar, duk da cewa komawa gida da abu cike da ciki ba ka da wanda zaka faɗa wa yana da nauyi.

Bayan an gama shaidu da jawabin lauyoyi, alƙali ya taƙaita komai ya ba mu takarda mai jerin tambayoyi da za mu bi ɗaya bayan ɗaya har mu kai ga hukunci. Ya ce nauyin kawo hujja na kan masu ƙara, yaron ba sai ya tabbatar da cewa bai yi ba, kuma ba za mu ce ya aikata ba sai in mun tabbata, zato ko rinjayen zato bai isa ba. Aka karɓe wayoyinmu, ma'aikaciyar ta yi tata rantsuwar cewa ba za ta bari kowa ya yi mana magana ba, aka kai mu wani ɗaki mai teburi ɗaya da kujeru 12 da banɗaki a ciki aka rufe ƙofa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba zan faɗa ba, yau ko gobe, doka ta hana har ƙarshen rayuwa, kuma na yarda da hanin don in mutum ya san za a fallasa maganarsa ba zai faɗi abin da ke ransa ba.

Abin da ya sa nake ganin girman ɗakin nan shi ne babu mai iko da shi, ko alƙalin. Wannan kuwa ba kyauta aka samu ba. A 1670 a kotun Old Bailey ta Landan an gurfanar da William Penn da William Mead saboda wa'azi a kan titi, juri suka ƙi cewa sun yi laifin da ake so, aka kulle masu jurin kwana biyu ba ci ba sha, aka ci su tara, ɗaya daga cikinsu Edward Bushel ya ƙi biya ya zauna a kurkuku har babban alƙali Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta juri saboda hukuncin da suka yanke. Har yau akwai allon tunawa da su a ginin. To kujerar da ka zauna a kai gadon wannan taurin kan ce. A ƙa'ida ana so duka 12 su yarda, amma tun 1967 in an wuce awa 2 ana tattaunawa alƙali na iya karɓar 11 da 1 ko 10 da 2, in hakan ma ta gagara a sallami juri ƙila a sake shari'ar da wasu. Yanke ɗauri ko tara kuma ba namu bane, na alƙali ne. Da muka dawo shugaban da muka zaɓa a cikinmu ya miƙe, akawu ta yi tambaya ya amsa da kalmomi kaɗan, wata dattijuwa a wurin zaman jama'a ta dafe bakinta da hannu biyu. Alƙali ya yi mana godiya, aka fitar da mu ta ƙofar baya.

Yanzu bari in zo kan kuɗi don nan ne raina ya fi ɓaci. Ba albashi ake ba ka ba, mayar maka da asara ake yi, kuma da iyaka. A kwana 10 na farko in ka wuce awa 4 a kotu iyakar abin da zaka nema fam 64.95 ne a rana, in awa 4 ne ko ƙasa fam 32.47. In aikin jurin ya zarce kwana 10 sai ya koma har fam 129.91. Na abinci fam 5.71 a rana, sai kuɗin mota. Wannan fam 64.95 ɗin tun 2010 yake nan bai motsa ba, alhali mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 ya kai fam 12.21 a awa, ka lissafa awa 8 ka ga ya haura fam 97. Ma'ana ko mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar asara yake yi in ya zo yi wa ƙasa aiki. Kuma kuɗin renon yara ko kula da tsoho duk cikin wannan 64.95 ɗin yake, ba daban ba. Doka ta tilasta wa mai gidan aikinka ya sake ka ka je, amma ba ta tilasta masa ya biya ka ba. Wanda ke aiki a babban kamfani ko gwamnati galibi albashinsa na tafiya yadda yake, shi hutu ma ya samu daga ofis. Amma direban tasi fa, mai kai kaya, mai aski, mai aikin kula da tsofaffi da ake biya da awa? Ni aikin kaina nake yi, sai da na haɗa takardun haraji na nuna abin da nake samu sannan aka biya ni abin da bai kai rabin asarata ba, haya kuwa ba ta san kana juri ba. A ɗakin jira na zauna kusa da wata mai gyaran gashi tana ta soke alƙawuran kwastomominta a waya tana ba su haƙuri, ta ce min wasu ba za su dawo ba.

Illar wannan ta wuce aljihun mutum ɗaya. In masu ƙaramin ƙarfi suna ta neman uzuri saboda ba za su iya ɗaukar asarar ba, su wa zasu rage a benci? 'Yan fansho da masu albashi mai kauri. Alhali duk amfanin juri shi ne a samu mutanen da suka san rayuwa ta kowace fuska, wanda ya san yadda dare yake a tashar bas, wanda ya san abin da ke sa yaro ya gudu in ya ga ɗan sanda ko bai yi komai ba. Binciken da ɗan majalisar Birtaniya David Lammy ya jagoranta a 2017 kan yadda tsarin shari'a ke mu'amala da baƙaƙe da sauran tsiraru ya nuna juri na cikin wuraren da ba a ga bambancin launin fata a hukuncinsu ba. Abu mai irin wannan daraja bai kamata a bar shi ya dogara da wanda ke iya jure asarar sati biyu ba. Kuɗin dai sun shigo asusuna cikin lokacin da suka faɗa, kwana 7 zuwa 10 na aiki bayan miƙa fom, wannan ban da abin cewa.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne bayan an gama. Tamu shari'ar da sauƙi, duk da haka na yi kwanaki ina ganin hotunan raunin nan in na rufe ido. To ina ga waɗanda suka zauna a shari'ar kisa ko fyaɗe ko cin zarafin yara na makonni? An ce musu kar su yi magana da kowa, sannan rana ɗaya a ce an gode ku tafi, a miƙa musu takarda mai cewa in abun ya dame ka ka ga likitanka ko ka kira layin masu sauraron damuwa. A 2024 an fara gwajin ba da shawarwarin ƙwararru kyauta a wasu kotuna, ya kamata ya zama ko'ina ne, kuma tun kafin a fara shari'a mai nauyi a gaya wa mutane akwai shi.

Ana ta maganar rage shari'un juri saboda cunkoso, ƙararrakin da ke jira a Crown Court, wato kotun manyan laifuka inda juri ke zama, sun haura 70,000 tun 2024, kuma a 2025 tsohon alƙali Brian Leveson ya ba da shawarar a riƙa yin wasu shari'un ba juri. Cunkoson gaskiya ne, mutum ya jira shekaru kafin a saurare shi zalunci ne ga wanda aka cuta da wanda ake tuhuma duka. Amma abin da idona ya gani, ba mu ne ke ɓata lokacin ba, mu muna nan tun safe a zaune, ɗakunan shari'a ne a rufe, shaidu da motoci ne ba su iso ba. Kuma dama fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un laifi a kotun majistare suke ƙarewa ba sa ganin juri sam.

In tauraro zan bayar, alƙali da ma'aikata biyar cif, tsarin sammaci huɗu, ɗakin jira da rashin bayani biyu, kuɗi ɗaya. Wanda sammacinsa ya zo ya amsa cikin kwana 7, ya sanar da wurin aikinsa a ranar ya tambaye su a rubuce ko zasu biya shi, in aikin kansa yake ya fara haɗa takardun haraji tun yanzu. Ka tafi da littafi da cajar waya da abincinka, ka adana kowane tikiti da rasit, kar ka hau tasi ko ka biya kuɗin fakin sai ka tambaya ko zasu mayar. In aka ce shari'ar zata wuce sati biyu alƙali na tambaya ko akwai wanda ba zai iya ba, to nan ne wurin magana, ka rubuta dalilinka a fili kar kunya ta hana ka. In kuma Turancinka bai kai ka bi gardamar lauyoyi ba ka faɗa tun a fom, don tafinta na shaidu ne da wanda ake tuhuma, ba a ba mai juri.